Ba A Wanke Allo Sai An Iya

A wani hutun ƙaramar salla hidimar zumunci ta kai mu Ikko, muka sauka a Zangon Agege, gidan wani ɗan'uwa da ya gaji fataucin goro daga mahaifinsa. A daren farko, bayan an yi sallar isha'i an ci tuwo, sai mai gidan ya kira 'yarsa, yarinya 'yar kimanin shekara 11 da ke aji 5 a wata makarantar firamare ta gwamnati, ya ce ta ɗauko littattafanta baffanta malamin jami'a ya gani. Ta kawo su cikin jakar leda, ta durƙusa ta miƙa. Muka buɗe muka ga rubutu tsaf-tsaf, layi bisa layi, babu kure babu kankara, har mun fara sa mata albarka. Sa'an nan muka ɗora yatsa a kan wata jimla da ita da kanta ta rubuta, muka ce ta karanta mana. Ta dubi jimlar, ta dube mu, ta sunkuyar da kai. Muka sauya wata mai sauƙi, haka dai. Ashe shekara biyar ke nan tana kwafar abin da ke kan allon aji kamar yadda mai ɗinkin hula ke bin zane, hannu yana aiki, amma baƙaƙen ba su taɓa yi mata magana ba.

Mai gidan ya yi shiru can, sa'an nan ya ce, "Malam, ka gani ko? Ni da ma na gaya wa uwarta, wannan ba ta da kan boko." To amma washegari da hantsi muka tarar da yarinyar nan a bakin titi wajen tandar wainar mahaifiyarta, tana karɓar kuɗi tana ba da canji, ta yi ciniki da wannan cikin Yarabanci, ta amsa wa wancan da Hausa, ta juya ga na uku da buroka, kuma ko naira ɗaya ba ta ɓace mata ba. Da la'asar muka jiyo muryarta a Islamiyyar bayan gida tana biya hadda ba gargada. Yarinya mai harshe uku a baka, da na huɗu a ƙirji, ita ce a aji ake kira olodo, watau mai sifili, kalmar da Yarabawa ke jifan daƙiƙi da ita. Ta sha jin kalmar har ta gaskata, mahaifinta ma ya gaskata.

Tambayar da ta biyo mu daga Agege har gida ita ce: ƙarin taimakon da irin wannan yarinya take bukata kafin ta riski 'yan ajinsu, alfarma ce ko haƙƙi? Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan alfarma ce, wanda ya yi an gode masa, wanda bai yi ba kuwa babu mai tuhumarsa. Idan haƙƙi ne, to ya zama bashi, shi kuwa bashi dole a san wanda ake bi, kuma dole a san ranar biya. Mun zaɓi mu yi wannan nazari a kan Agege domin a nan ne uzurin da muka saba fakewa da shi a gida, watau cewa babu makarantu, ya fi rauni.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan wuri. Goro ne ya kai su. A da ayari kan tashi daga Kano da Sakkwato ya nufi Gwanja, ya yi watanni a hanya. Da noman goro ya kankama a dazuzzukan Agege da Ota, jirgin ƙasa kuma ya isa Badun a 1901, sa'an nan ya haɗa Ikko da Kano zuwa 1912, sai akalar fatauci ta karkato nan, tashar jirgin Agege ta zama inda ake ɗaure huhun goro a loda shi zuwa Arewa. Zango ya zama unguwa, unguwa ta yi sarki, aka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda wasunsu ba su taɓa ganin ganuwar Kano ba. Bayan goro shanu suka ƙara jawo mutane, ga mayankar Oko-Oba nan shaida. Ilimin addini ma bai yi ƙaranci ba, domin a nan Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya zaunar da Markaz ɗinsa, wadda ya fara kafawa a Abeokuta a 1952.

Ta fuskar boko kuwa, ƙofar ta daɗe a buɗe. Agege tana cikin Jihar Yamma ta wancan zamani sa'ad da gwamnatin Awolowo ta fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955, shekara 21 kafin shirin UPE na 1976 ya game ƙasa duka. Lateef Jakande, wanda ya mulki Jihar Legas daga 1979 zuwa 1983, ya tarar yara suna karatun karɓa-karɓa, wasu da safe wasu da rana, saboda ƙarancin ɗakuna. Ya gina azuzuwa bila'adadin, masu suka suna kwatanta su da akurkin kaji, amma dai ya kawar da karɓa-karɓar. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, ya mayar da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma wajibi. Gwamnatin Legas ta daɗe tana biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin jarrabawar WAEC. Duk wannan aiki ne, kuma wanda ya raina shi bai san yadda ake fama a wasu jihohin ba. Sai dai dukkansa amsa ce ga tambaya guda, watau yaya za a shigar da yaro ɗakin karatu. Abin da ke samunsa bayan ya shiga ya zauna a bencin baya, wannan wata tambaya ce daban, ita ce kuma ba a cika son yi ba.

A nan ya kamata mu waiwayi makarantar da yawancinmu muka fara shiga. A makarantar allo babu aji. Yara talatin za su kewaye malam, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya: wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefe ya yi nisa cikin izifi. Malam ko gardi zai biya wa kowane ɗaya nasa, ya saurare shi, in ya iya a ce ya je ya wanke allo a yi masa ƙari, in bai iya ba rubutun jiya yana nan a kan allonsa har jibi, har mako mai zuwa. Ba muna cewa tsarin ba shi da aibu ba. Dorinar da aka sha ba ta mantuwa, kuma akwai waɗanda suka yi shekaru suna karanta abin da ba su san ma'anarsa ba. Amma akwai wata ƙa'ida a cikinsa da ta fi ƙarfin gardama, ita ce iyawar yaro ke yanke hukuncin ranar da za a wuce gaba. A makarantar boko kuwa kalanda ke yanke wannan hukunci. Manhaja ta ce a mako na shida a koyar da kaza, sai a koyar, a goge allo, a shiga mako na bakwai. Wanda ya fahimta ya fahimta, wanda bai fahimta ba an riga an wanke masa allo. Abin mamaki, kalma ɗaya muke amfani da ita ga masaukin fatake da kuma kason shekarar karatu, duka zango muke ce musu. A zangon fatake ne wanda jakinsa ya gaji yake riskar ayari kafin a tashi. A ƙarshen zangon karatu kuwa sai a rubuta wa yaro na arba'in da bakwai cikin hamsin, a ɗaga a bar shi.

Wani zai ce ai sannu ba ta hana zuwa. A karatu tana hanawa. A azuzuwan farko yaro yana koyon yadda ake karatu ne. Daga wajen aji 4 zuwa sama ana ɗauka ya iya, sai karatun ya zama shi ne cokalin da zai ci kowane darasi da shi, daga lissafi har tarihi. Wanda bai samu cokalin ba zai zauna ga akushi cike yana kallo. Wani masanin halayyar karatu, Keith Stanovich, ya bayyana a 1986 yadda wannan tazara ke faɗaɗa da kanta: mai iya karatu yana jin daɗinsa, sai ya ƙara yi, sai ya ƙara iyawa, kogi bai ƙi yayyafi ba, wanda karatu ke yi wa wuya kuwa yana gudunsa, sai ya ƙara yi masa wuya. Kuma kada a zaci 'yar ɗan'uwanmu ita kaɗai ce. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa ƙiyasin ya kai kashi 89. Idan haka ne, bencin baya ya fi na gaba tsawo nesa ba kusa ba, kuma makarantar da ta tsara tafiyarta bisa saurin 'yan gaba, 'yan tsiraru take yi wa hidima da kuɗin jama'a.

Ba wai babu ƙarin darasi a Ikko ba. Akwai shi birjik, sunansa lesin, amma a kasuwa yake. Kowane lungu akwai allon talla, kowace yamma akwai yara sanye da kayan makaranta suna nufar wani shago ko wata baranda, uba yana biya a wata. Mai hali ya ɗauko malami har gida. To, duba yadda lamarin ya kife: ɗan da iyayensa suka yi karatu, wanda da ma akwai mai duba masa aikin gida, shi ke samun lesin, 'yar mai waina, wadda babu mai iya duba littafinta a gidansu, ita ce ba ta samu. Magani ya tafi gidan masu lafiya. Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan zurfi, wadda ba ma so mu ɗora wa malamai duka, domin mun san albashinsu mun kuma san kuɗin haya da na mota a Ikko. Idan malamin safe shi ne mai lesin yamma, to an jarabce shi da jarrabawar da ba kowa ke ci ba, domin duk abin da ya bayyana sarai da safe ya rage masa ciniki da yamma. Ƙarshen wannan hanya kowa ya san shi: yaron da aka yi ta turawa gaba bai iya ba, ranar da WAEC ta zo sai a nemo masa ɗaya daga cikin cibiyoyin nan da ake yi wa laƙabi da na mu'ujiza, a sayi sakamakon da aka kasa koya masa ya samu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ana sayen na sata.

Yanzu sai mu saurari mai ja, domin yana da hujja, kuma mun sha jin ta daga bakin malamai na ƙwarai. Zai ce: malama ɗaya ce, yara sun fi hamsin, darasi minti talatin da biyar ne ko arba'in. Duk mintin da ta kashe a kan wadda ba ta iya haɗa baƙi ba, ta ƙwace shi ne daga yaro mai hazaƙa, shi ma ɗan talaka ne, shi ma wannan makarantar ce kaɗai tsaninsa, kuma mai yiwuwa shi ne zai zama likitan da zai yi wa unguwar duka amfani. Ashe adalci ba shi ne a raba wa kowa daidai ba? Don me za a hukunta mai ƙoƙari saboda ya yi ƙoƙari?

Ba za mu ce wannan magana banza ce ba. Amma tana tsaye ne a kan wata fahimtar adalci da mu kanmu ba ma aiki da ita a gidajenmu. Uwa mai 'ya'ya biyar, idan ɗaya ya kwanta ciwo, a kansa take kwana, kuma babu ɗa mai hankali da zai ce an zalunce shi don ba a raba daren gida biyar ba. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya lura cewa raba daidai tsakanin waɗanda halinsu bai zama daidai ba shi ma nau'in rashin adalci ne. A zamaninmu John Rawls, cikin littafinsa na 1971 a kan adalci, ya ba da shawarar cewa a auna tsarin al'umma da halin wanda ya fi kowa rauni a cikinta, ya kuma kawo wani gwaji mai sauƙin ganewa: mutum ya tsara dokoki alhali bai san a wane matsayi za a haife shi ba. Mu gwada wannan a kan ajin Agege. Da za a ce mana gobe za a mayar da mu yara a zuba mu cikin ajin nan, ba mu san ko ɗan ma'aikacin banki za mu zama ko 'yar mai waina ba, wace irin makaranta za mu roƙa? Da wuya a samu wanda zai zaɓi wadda ke goge allo ta wuce.

Mu kuwa muna da abin da ya riga waɗannan duka a zukatanmu. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ganawa da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo yana neman a koya masa. A kan wannan al'amari aka saukar da farkon Suratu Abasa. Bisa lissafin amfani, manyan gari su ne jarin da ya fi riba, domin in sun karɓa dubbai za su biyo su. Amma aka nuna cewa wanda ya zo da kansa yana nema, komai rauninsa, ba a jinkirta shi saboda wanda ake hasashen zai fi amfani. Wannan makaho kuwa daga baya ya zama ladani, har akan bar masa riƙon Madina idan an fita. Mai lissafin wa zai zama likita ya tuna cewa ba a ba shi sanin gaibu ba.

Daɗin daɗawa, zaɓin da mai ja ya shimfiɗa mana, watau ko mai hazaƙa ko mai rauni, ba dole ba ne ya kasance haka. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta gwada wani abu mai arha a makarantun gwamnati na biranen Mumbai da Vadodara. Takan ɗauki matasan mata daga cikin unguwa, waɗanda suka gama sakandare kawai, ta ba su ɗan horo, su riƙa ware yaran aji 3 da 4 da aka bari a baya na tsawon awa biyu a cikin lokacin makaranta, suna koya musu baƙi da ƙidaya daga inda suka tsaya. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin waɗanda suka auna shirin, suka tarar ya ɗaga yaran, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi amfana. Daga nan tsarin koyar da yaro daidai matsayinsa ya yaɗu zuwa ƙasashen Afirka, har ya iso wasu jihohin Arewacin Nijeriya, ciki har da Barno. Mai karatu zai lura cewa an je har Indiya, an yi bincike, an ci kyauta, aka dawo mana da abin da alaramman ƙauyenmu yake yi a gindin tsamiya: a gwada yaro, a san inda ya tsaya, a haɗa shi da gardi. Legas ma ta yi nata yunƙurin. Shirin EKOEXCEL na 2019 ya raba wa malaman firamare na'urorin hannu masu ɗauke da shiryayyun darussa. Wannan yana taimakon malamin da bai shirya ba, yana kuma tona asirin wanda bai zo aiki ba. Abin da muke tsoro shi ne na'ura ta fi kalanda rashin haƙuri, ba ta ganin idon yarinyar da ta ɓace tun a layin farko.

Sai dai akwai tarko a cikin maganin kansa, kuma wajibi ne a faɗe shi. Ranar da aka ware yara goma sha biyar aka kai su wani ɗaki, a ranar sauran za su raɗa wa ɗakin suna, kuma mun san sunan. Yaro ya gwammace ya zauna cikin jahilci a ɓoye da a yi shelar jahilcinsa, manya ma haka suke. Taimakon da ya zo da tozarci ya karɓi kuɗinsa tun kafin ya yi aiki. Don haka sharaɗin irin wannan aji shi ne ya zama masauki na 'yan makonni wanda ake shiga a fita, a riƙa sake gwaji a kai a kai, kada ya zama unguwar da ake tarewa a cikinta. Kuma kada a miƙa shi ga malamin da aka rasa inda za a kai shi, kamar yadda aka saba.

Batun harshe kuwa ya isa maƙala mai zaman kanta, za mu taɓa shi ne kawai. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya rinjaya a inda yake zaune, gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 kuma ya nuna fa'idar hakan. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa shekara 6 na firamare, a 2025 kuma ta janye ta koma ga Turanci. Jihar Legas ta yi dokar wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta a 2018, kuma ba mu ga laifin mai gida don ya kare harshensa ba. Ɗan Zango haifaffen Agege ba ya jin tsoron Yarabanci, wani ma ya fi iya shi a kan Hausa. Wanda ke cikin tasku shi ne yaron da aka kawo jiya daga Katsina ko Maraɗi aka jefa shi aji 3 bisa tsawonsa, ba Turanci ba Yarabanci. Wannan ko kusa ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, tafinta ya rasa, kuma 'yan watanni tare da mai jin Hausa za su iya ceto masa shekaru.

To wa ake bi bashin? Gwamnati ce ta farko, ba tare da wani kewaye-kewaye ba. Ita ta ce karatu wajibi ne, ita ta karɓe wa iyaye yaro daga safe har azahar shekara da shekaru, ta hana shi zaman rumfar ubansa inda da ya koyi sana'a. Wanda ya karɓi lokacin yaro da alkawarin ilimi, sa'an nan ya mayar da shi hannu wofi, ya ci amana sau biyu. Kuma mutanen Zango da na Mile 12 da Idi-Araba suna biyan kuɗin rumfa da na tikiti kullum rana ta Allah, ba roƙo suke yi ba in sun nemi a koya wa 'ya'yansu. Saboda haka muke ganin wannan taimako wurinsa cikin lokacin makaranta ne, da kuɗin makaranta, ba tare da an ce uba ya kawo ko sisi ba.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yarinyar da ta tashi tun asuba tana hura wuta, ta iso aji ana tsakiyar darasi na biyu, wane shiri ne zai cece ta? Mukan kwashi yara mu tafi gida biki ko salla, a yi wata biyu ba a dawo ba, sa'an nan mu yi mamakin sakamako. Taron iyaye da malamai kuwa ba ma zuwa, muna cewa ba ma jin abin da ake faɗa, alhali in rigimar rumfa ce a sakatariyar ƙaramar hukuma mun san yadda muke samo mai fassara. Unguwar da ta iya gina masallatai masu bene, ta iya tara kuɗin maulidi da na tafsirin azumi, ba za ta kasa ɗaukar nauyin matasa goma masu takardar sakandare su zauna da ƙannensu awa ɗaya a zauren Islamiyya ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su iso Sakkwato da Wurno su duka ba. Jajis ta naɗa, ta aika su da karatu har inda matan suke. Wannan ba zai sauke wa gwamnati bashinta ba, amma yaro ba ya daina girma don ana jiran a biya.

Akwai kuma mu, masu rubutu da masu karanta wannan mujalla, kuma a nan ne maganar ta fi ɗaci. Mu nawa ne muka shigo jami'a kai tsaye? Da yawa daga cikin malamanmu ta Makarantar Share Fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka bi a shekarun 1970, wasu ta CAS ta Kano, na bayansu ta Funtuwa da makamantanta. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya an keɓe kashi 20 cikin 100 domin jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma yawancin jihohinmu suna cikin jerin. Watau ƙasa ta dube mu ta ce waɗannan ba daƙiƙai ba ne, an makara ne da su, a ba su shekara guda su riski ayari. Da 'yan Kudu suka ce an tauye masu hazaƙarsu saboda mu, mun iya kare kanmu da hujjoji masu kyau, su ne kuwa hujjojin da muka zayyana a sama. Abin kunya ne a ce wanda aka jira yana ɗan shekara 19 shi ne zai shiga aji yau ya kira ɗalibinsa jaki, ko ya ji labarin 'yar shekara 11 ya ce ba ta da kai. Mu kanmu da muka zauna da yarinyar nan dare huɗu, muna yanka kwalin sukari muna rubuta baƙaƙe a kai, sai a dare na uku muka lura muna ɗaga mata murya. Ta kuwa fara haɗa ba da ba ta ce baba, ta haɗa ta da sa ta ce tasa, ta ɗago kai tana dubanmu kamar wadda aka yi wa rufa-ido. Hutu ya ƙare, muka hau mota muka bar mata kwalayen.

Bayan 'yan watanni ɗan'uwan namu ya bugo waya, muka gaisa, muka tambayi goro da ruwan Ikko, sa'an nan muka tambayi mutuniyar. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Malam, tana gaishe ka. Ai an ba su sakamako shekaranjiya." Muka ce yaya aka yi? Ya ce, "Alhamdu lillahi, an ƙara mata aji. Tana aji shida yanzu."